Ɗakin matasa na asibitin unguwarmu: Sista ta iya aiki, tsarin ne da saura

In taƙaitawa ake so to ga ta: ɗakin matasa da aka ware a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu nan cikin Kano wuri ne da zan tura ƙanwata hankalina kwance, kuma na tura, amma ƙanena namiji kam ko na tura shi na san ba zai zauna ba. Ba zan kama sunan asibitin ba don akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, ma'aikatan kuma mutanenmu ne, muna haɗuwa wajen biki da suna.

Ni tela ce, ina da shago da yara mata masu koyon ɗinki, wasu 'yan sakandare ne sai an tashi suke zuwa, wasu amare, har da bazawara guda da ko ashirin ba ta kai ba. Duk wadda ta taɓa zama da 'yan mata a kan keke tun hantsi har la'asar ta san irin maganar da ke fitowa in an saki jiki. Anti marata ciwo take ba na iya miƙewa, Anti wata biyu ban ga al'ada ba, Anti ƙaiƙayi ya hana ni barci, Anti wani ruwa ne yake zubo min. Abin da aka saba dai shi ne a ce je ki gaya wa Ummanki, ita kuma Umman ta jiƙa bagaruwa ko ta aika kemis a haɗo na ɗari biyar a sha, magana ta mutu a nan har sai abin ya dawo. To shi ya sa da na ji an buɗe ɗakin nan na riƙa zuwa, wani lokaci don kaina, wani lokaci rakiya.

Bari in fara da ƙofa, don duk wanda ya zaɓi inda aka sa ƙofar nan Allah ya yi masa albarka. Tsohon ɗakin tsarin iyali yana fuskantar bencin masu awo da masu rigakafi ne, ga allo ƙato a samansa, to ki tashi a gaban mata hamsin ki nufi can ki gani, a cikinsu akwai maƙwabciyarki akwai ƙawar uwar mijinki akwai facalarki, wallahi kafin ki samu adaidaita labarin ya riga ki isa gida, wai an ga amaryar wane a ɗakin hana haihuwa ko shekara ba ta yi ba. Wannan sabon ta gefen ɗakin gwaji ake shiga, wanda ya ga kin bi ta nan zai ɗauka jini za a ɗiba miki na maleriya. Kuma ƙofa ce ta gaske mai sakata, ba labulen da iska ke ɗagawa ba. Sannan ba a tambayarki abin da ya kawo ki a wajen yankar kati, wanda a babban zauren kuwa mai katin sai ya ɗaga murya ya ce Hajiya me ke damunki, kowa ya juyo.

Sai ita Sistar da ke zama a ciki yawancin ranaku. Babbar mace ce ta haifi yawancin masu zuwa wajenta, kuma 'yata take ce musu, mu manya ta ce ƙanwata. In kin raka yarinya za ta gaisa da ke sosai ta tambayi gida da aiki, sannan ta ce Anti ɗan ba mu wuri, ko uwa ce haka take mata cikin lallami. Ɗaya daga cikin yarana ta gaya min abin da ta fara ce mata bayan na fita shi ne duk abin da za ki faɗa a ɗakin nan zai tsaya sai in ke kika ce a faɗa. Kuma ba ta fara da tambayar nan da ke kashe wa yara baki ba, wato kina da aure. Tana yi daga baya in aikin ya buƙata, amma sai ta gama jin ciwon tukuna.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yadda muke. Budurwa a garin nan in ta ce gabanta na ƙaiƙayi abin da take tsoro ba ciwon ba ne kawai, kallon da za a yi mata ne, a ina kika samo, da wa kike hulɗa. Shi ya sa suke ɓoyewa wata da watanni suna ta cusa abubuwa suna zama a ruwan zafi da gishiri da Dettol, abin na ƙara lalacewa. Sista ta zaunar da su ta yi musu bayani cewa abin da muke tarawa mu kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai wanda farin ruwa ne mai kauri da ƙaiƙayi, yarinyar da namiji bai taɓa ko riƙe hannunta ba tana iya yinsa, musamman bayan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ko ana yawan wanke ciki da sabulu da turare. Akwai na mafitsara mai zafin fitsari. Akwai kuma wanda ake ɗauka ta saduwa, shi ne wanda dole a yi wa miji magani tare, in da kishiya ita ma, in ba haka ba haka za a yi ta zagaye a gidan. Kuma ta gaya musu wani ruwan lafiya ne ba ciwo ba, kowace mace tana ganinsa a tsakiyar wata. Ni da na haihu ban taɓa jin wanda ya rarraba min su haka ba, a kemis duk sunansu infekshan kuma duk maganinsu ɗaya.

Ciwon mara ma haka, ba ta cewa ki yi haƙuri in kin yi aure zai daina, maganar da aka gaya wa kowaccenmu. Tana tambayar kwana nawa, yawan jinin, auduga nawa kike canzawa, ta duba idonki ko jini ya yi ƙasa, ta gaya miki yadda za ki sha maganin ciwo ba a kan yunwa ba. Wata yarinyata da ke kwanciya duk wata har amai, tura ta ta yi babban asibiti a yi mata hoton ciki, ba ta tsaya tana gwada-gwada ba.

Ɓangaren tazarar haihuwa nan ne na fi daɗewa don ni kaina nan na zo. Akwai wani faranti da ta jera komai a kai ki gani da idonki ki taɓa. Ƙwaya ta kullum, allurar wata biyu, allurar wata uku, da wata ƙaramar allura Sayana Press da ake yi a fatar ciki ko cinya ita ma wata uku, wadda in an koya miki za ki iya yi wa kanki a gida. Sai ashanar hannu da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, Implanon tsinke ɗaya shekara 3, Jadelle tsinke biyu shekara 5, sai robar mahaifa da ke kaiwa shekara 10, sai kwaroron roba. Abin da na yaba shi ne ba ta ɓoye aibin kowanne. Ta ce min kai tsaye ashana tana rikita al'ada, wata ta riƙa ɗigo-ɗigo, wata ya ɗauke mata gaba ɗaya, wata ya yi ta zuwa ba lissafi, kuma allurar wata uku in kin daina cikin kan iya jinkiri wasu watanni har wajen shekara, don haka in kina son ki sake haihuwa nan kusa kar ki zaɓe ta. Ashana kuwa ana cirewa kina iya ɗauka.

Maganar jinin nan masu tsara abubuwa a ofis ba su san nauyinta a wajenmu ba. Mace musulma in jini ya rikice mata sallarta ce ta rikice, azuminta ne, tsakaninta da maigida ne, ranar girkinta ce in tana da abokiyar zama. Mata da yawa da na sani ba ciwo ne ya sa suka je aka cire musu ba, rashin sanin yaushe za su yi wanka su yi salla ne. Sista ta san wannan, ita take fara tayar da maganar ma, ta ce ki rubuta kwanakin da kika saba tun kafin a sa miki, in ya wuce ki kai wa malamar Islamiyyarku ta bambance miki haila da jinin cuta, in ya dame ki kuma ki dawo akwai maganin da ake bayarwa ya lafa. Ba ta yi min fatawa ba, kuma ba ta yi kamar matsalar ba ta shafe ta ba.

Kuma ba ta cewa hana haihuwa ko ƙayyade iyali, hutu take cewa. Ta ce likitoci shekara biyu suke so mace ta samu bayan haihuwa kafin wani cikin, mu kuma dama shekara biyun shayarwa a Alƙur'ani take, kunika kuwa tun kakanni ba a sonta. Amaryar da ke shagona shekararta 17 ta haihu da ƙyar bayan doguwar naƙuda, Allah ya tsare ba ta samu yoyon fitsari ba, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala ko Babbar Ruga a Katsina ya san me nake nufi da Allah ya tsare. Irin waɗannan yaran suna da yawa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma kusan 29 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. To matasanmu a nan da yawa matan aure ne masu goyo, kuma ɗakin nan ya karɓe su da kyau.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma suna da ɗan yawa.

Lokaci. A takarda har ƙarfe huɗu, a zahiri in kin wuce ɗaya da rabi kin makara, ko an tafi salla ba a dawo ba ko an ce mai mukulli ta fita. 'Yar makaranta kuma ƙarfe biyu take tashi, Asabar da Lahadi a rufe. To wace matashiya ake jira? Sai dai yarinya ta gudo daga aji da yunifom, wanda shi kansa abin magana ne a unguwa. Da za a ware ko yammaci biyu a sati daga la'asar zuwa magariba da an ga cika.

Sannan duk kyawun wurin a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Ranar da Sista ba ta nan akwai wata da ke zama, ita kam tambayarta ta farko ina mijinki, ta biyu ya sani kuwa, ta uku kawo shi ko ki kawo takarda daga hannunsa. Bazawarar shagona ta je da ciwon mara da zubar ruwa, ciwon da ta fito da shi daga gidan tsohon mijin, aka kalle ta sama da ƙasa aka ce ke da ba ki da aure me ya haɗa ki da wannan ɗakin. Kuka ta dawo tana yi, sai da na lallaɓa ta ta koma ranar da Sista ke nan. Ni ban ce kar a yi shawara da miji ba, ni da Abban yara tare muka yanke namu kuma hakan ya fi kwanciyar hankali, amma wadda ta zo da ciwo a duba ta mana, ina ruwan ciwo da takardar miji.

Kuɗi. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, kuma gaskiya ba a sayar min da ashanar ba. Amma akwai kuɗin kati, kuɗin gwajin ciki, kuɗin safar hannu, kuɗin allurar kashe zafi, kuɗin filasta, kina tarawa sai ki ga ya tasar ma dubu biyu, yarinyar da kuɗin cefane ake ƙirga mata a ina za ta samo ba tare da an tambaye ta ba. Ga yankewar kaya, wani watan babu Implanon wani watan babu allurar da kika saba sai a ce ki karɓi wata. Cirewa kuma ta fi sawa wahala, don ba kowace ma'aikaciya aka koya wa ba, wata maƙwabciyata sai da ta yi ta sintiri ana ce mata ki ƙara haƙuri jikinki zai saba, alhali ita ta riga ta yanke shawara. Wannan yana ɓata sunan abin gaba ɗaya, don ita za ta je ta gaya wa mata goma cewa in an sa ba a cirewa.

Sai maza, wanda shi ne babban giɓin. An rubuta ɗakin matasa amma riga ɗaya aka yanka aka ce kowa ya sa, kuma awon amarya mai goyo aka ɗauka. Babu ma'aikaci namiji ko ɗaya, hotunan bango duk mata da jarirai, bencin jira duk hijabai. Saurayi ɗan shekara 19 da fitsari ke masa zafi ko ya ga ƙuraje a gabansa, ko mai tsoron wai mafarki ya ƙarar masa da ƙarfi, ba zai ratsa matan unguwarsu ya zauna ya gaya wa sa'ar babarsa ba, ko ni ce shi ba zan iya ba. Ina suke zuwa? Wajen masu mota da lasifika a bakin kasuwa da ke zayyano cututtuka da batsa suna sayar da jarka, ko kemis a haɗa musu kafso kala-kala su sha kwana biyu su bari. Su ne kuma mazan da za su auri yaran nan, ciwon ya dawo ɗakin Sista ta hannun amarya.

Abin takaicin ma yanzu samarin suna shigowa asibitin da ƙafarsu. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, ango dole ya zo a duba shi cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, tunjere da jinotaif. Na raka ƙanena da zai yi aure, aka ɗebi jini aka miƙo takarda aka buga hatimi, shi kenan sai anjima. Ga ɗakin matasa taku kaɗan daga wurin amma ba wanda ya ce ango shigo mu yi minti goma. Abokinsa da ya fito AS, wato mai ɗauke da gadon sikila a jininsa, yarinyar da zai aura ma AS, ba wanda ya zaunar da su ya ce kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ba wai in kun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ba, a waya suka je suna nema, dangi kuma kowa da tasa fassarar. A wannan zaman ne ya kamata a gaya wa ango me ake nufi da hutun haihuwa, da alamomin haɗari in matarsa na da ciki irin kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani da jijjiga da zubar jini, tunda shi ne mai ba da izinin fita kuma shi ne mai kuɗin mota da tsakar dare.

Akwai kuma yarinyata kurma, hannunta a ɗinki ya fi na kowa a shagon. Ba mai iya maganar hannu a asibitin, dole da yayarta ta shiga tana fassara, to sirrin da ake taƙama da shi ita bai kai gare ta ba. Matakalar shiga ma uku ce ba gangara, mai keken guragu sai an ɗaga ta.

Rigakafin kansar bakin mahaifa da aka fara a Najeriya a watan Oktoban 2023 na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, ana yinsa a nan kyauta kuma na kai 'yata. Iyaye da yawa sun ƙi wai hana haihuwa ce, kuma ni ba na musu dariya, garin da aka yi gwajin maganin Pfizer a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 dole mutane su yi tambaya. Sista ba ta faɗa da su, ta ce ku zo ku tambaya, ta nuna musu katin jikarta da aka yi wa. Wasu sun dawo wasu ba su dawo ba.

Na tambaye ta in aka kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe fa, ta ce abu na farko kar a tsaya zaman sulhu a gida kwanaki na wucewa, don maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, kuma su tura suke yi cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala. Wannan bayanin ya kamata a ce yana manne a bango da Hausa da ajami manya-manya, ba sai wadda ta yi ƙarfin halin tambaya ba.

Ga mai son zuwa, ki je da safe kafin sha ɗaya, ki riƙe 'yan canji ko da an ce kyauta ne, ki tuna ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe don za a tambaya, in kina shan wani magani ko na gargajiya ne ki tafi da kwalinsa ko ki faɗi sunansa. Kafin ki yanki kati ki leƙa ki ga wace ce a ciki, in ba babbar Sistar ba ce kuma abin ba na gaggawa ba ne, ki juya ki dawo gobe. In ashana za a sa miki ki tambaya tun a ranar wa zai cire kuma nawa ne, ki sa a rubuta miki ranar cirewa a katinki. Maza kuma don Allah in fitsari na zafi ku wuce babban asibiti ku nemi likita namiji, a nan dai ba a shirya muku ba tukuna, na kuma faɗa wa shugaban kwamitin lafiya na mazaɓarmu haka da bakina, ya ce za su duba.